LaMarcus Adna Thompson

LaMarcus Adna Thompson (8 ga Maris, 1848 – 8 ga Mayu, 1919) ɗan kasuwa ne kuma maƙirƙiri ɗan ƙasar Amurka. An fi saninsa da gina jirgin gangara, wato jirgin wasan nan da ke tafiya a kan dogo mai hawa da sauka a wuraren shaƙatawa, wanda Turawa ke kira rola kosta. A shekarar 1884 ya buɗe jirginsa na farko mai suna Switchback Railway a Coney Island, kusa da birnin New York, kuma ana ɗaukar wannan jirgi a matsayin na farko irinsa da ya yi kasuwa sosai a Amurka. Saboda haka ake masa laƙabi da uban jirgin gangara na Amurka.

Wasu sun riga Thompson tunanin wannan wasa. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya nuna wa 'yan kasuwa cewa jirgin gangara yana iya tara jama'a ya mayar da kuɗin da aka kashe masa cikin ɗan lokaci. Da abokan hamayya suka fito da nasu jiragen suka fara janye masa mahaya, sai ya sake zuba jari ya fito da wani sabon salo. A tsawon rayuwarsa ya samu takardun mallakar ƙirƙira kusan 30 da suka shafi wannan sana'a, kuma kamfaninsa ya yi aiki a Amurka da Turai da Ostireliya.

Farkon rayuwa

An haifi Thompson a ranar 8 ga watan Maris, 1848, a garin Jersey da ke gundumar Licking a jihar Ohio. Ya taso a karkara, kuma tun yana saurayi ya ƙware a aikin kafinta. Wannan sana'a ta yi masa rana daga baya, domin yawancin jiragen gangara na zamaninsa da katako ake gina su. Ya yi karatu na ɗan lokaci a Kwalejin Hillsdale da ke jihar Michigan.

A shekarar 1873 ya buɗe shagon sayar da kayan masarufi a garin Elkhart na jihar Indiana. A nan ne ya ƙera na'urar saƙa safa marar ɗinki, ya kuma kafa kamfanin saƙa mai suna Eagle Knitting Company. Kasuwar safa ta karɓe shi, ya tara dukiya mai yawa. Sai dai rashin lafiya ya tilasta masa barin wannan aiki. Kuɗin da ya samu daga safa su ne jarin da ya shiga sana'ar nishaɗi da su.

Thompson mutum ne mai riƙo da addinin Kirista. Ana yawan ba da labarin cewa yadda matasa ke tururuwa zuwa gidajen giya da na karuwai ya dame shi, kuma yana ganin wasa mai tsafta kuma mai arha zai iya ɗauke musu hankali daga waɗannan wurare.

Wasan gangara kafin Thompson

Asalin wannan wasa yana komawa ne zuwa ƙasar Rasha. Tun a ƙarni na 17 mutanen Rasha ke gina tudun katako su lulluɓe shi da ƙanƙara a lokacin sanyi, su riƙa sulɓowa daga samansa. A shekarar 1817 aka buɗe wuraren wasa a birnin Paris inda kekuna masu ƙafafu ke gangarowa a kan dogo. Har yau sunan wasan a harshen Faransanci, montagnes russes, yana nufin duwatsun Rasha, haka ma a harshen Sifaniyanci. Su kuma mutanen Rasha duwatsun Amurka suke kiransa, domin daga can ne sabon salonsa ya dawo musu.

A Amurka akwai wani layin dogo a jihar Pennsylvania da ake kira Mauch Chunk Switchback Railway. An gina shi a 1827 don sauko da kwal daga ma'adinan Summit Hill zuwa garin Mauch Chunk, wanda yanzu ake kira Jim Thorpe. Nauyin taragun ne ke gangaro da su, sai alfadarai su ja su zuwa sama idan an sauke kaya. Daga baya injin tururi ya karɓi aikin alfadaran. A shekarun 1870, bayan an samu wata hanyar fitar da kwal, layin ya koma ɗaukar masu yawon buɗe ido da ke biyan kuɗi don su sha iska su ga duwatsu. Masana tarihin wannan sana'a suna ganin wannan layi ne ya ba Thompson tunanin nasa jirgin.

Akwai kuma Amurkawa da suka riga shi yin rajistar irin wannan ƙirƙira. John G. Taylor ya samu takardar mallaka a 1872, Richard Knudsen kuma a 1878. Amma babu ɗayansu da ya mayar da tunanin ya zama babbar kasuwa.

Switchback Railway

Thompson ya zaɓi Coney Island ne saboda jama'a. Wurin bakin teku ne a kudancin Brooklyn, kuma a shekarun 1870 an shimfiɗa layukan dogo da dama zuwa can, ga jiragen ruwa masu kawo mutane daga Manhattan. A 1883 aka buɗe gadar Brooklyn, zirga-zirga ta ƙara sauƙi. A ranakun Lahadi na lokacin zafi ma'aikatan masana'antu da baƙin da suka yi ƙaura daga Turai sukan cika bakin tekun. Yawancinsu ba masu hali ba ne, amma kowa yana iya fitar da 'yan tsabar kuɗi.

An buɗe Switchback Railway a ranar 16 ga watan Yuni, 1884. Tsarinsa mai sauƙi ne. Akwai hasumiyar katako biyu, tsakaninsu dogo mai tsawon ƙafa 600, wato kimanin mita 180, mai ɗan hawa da sauka kamar raƙuman ruwa. Mahaya sukan hau matakala zuwa saman hasumiya ta farko, su zauna a kan tarago mai kama da benci suna fuskantar gefe. Ma'aikata su tura taragon, daga nan nauyinsa ya ja shi har ɗaya ƙarshen. A can sai ma'aikata su tura shi sama da hannu, su sauya masa layi, ya dawo ta dogo na biyu. Daga wannan sauya layi jirgin ya samo sunansa. Ba shi da inji ko kaɗan, kuma gudunsa bai wuce kimanin mil 6 a awa ɗaya ba, wato kusan kilomita 10.

Kuɗin hawa santi 5 ne. An ruwaito cewa ginin ya ci kimanin dala 1,600, kuma a ranakun cunkoso jirgin yana tara kimanin dala 600. A kan santi 5, wannan yana nufin tikiti 12,000 a rana guda. Cikin 'yan makonni Thompson ya mayar da jarinsa. Mutane sukan yi dogon layi suna jira, kuma layin da kansa ya zama talla, domin duk mai wucewa yana son ya ga abin da ya tara jama'a haka.

Ya samu takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 310,966 a ranar 20 ga Janairu, 1885, sannan ya samu wata a ranar 22 ga Disamba na wannan shekara.

Gasa da abokan hamayya

Ribar da jirgin ya kawo ta jawo wasu cikin sana'ar nan take. A cikin shekarar 1884 ɗin, Charles Alcoke ya gina wani jirgi a Coney Island mai suna Serpentine Railway. Dogonsa zagaye yake yi, don haka tarago yana dawowa inda ya tashi ba tare da an tsaya sauya layi ba. A 1885 Phillip Hinkle ya kawo nasa, mai igiyar da inji ke ja don kai tarago saman tudu, kuma mahaya suna fuskantar gaba. Tunda inji ne ke yin hawan, ana iya gina tudu mai tsayi, gangarar ta fi tsanani, gudun ya ƙaru.

Waɗannan sauye-sauye biyu sun taɓa kuɗin shiga kai tsaye. Jirgin da ke zagayawa ba tsayawa yana ɗaukar mutane da yawa a awa ɗaya, kuma yana buƙatar ma'aikata kaɗan. Mutanen da suka riga suka hau jirgin Thompson sau ɗaya ko sau biyu kuma sun koma neman abin da ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Shekara ɗaya kacal bayan buɗe shi, Switchback Railway ya fara zama tsohon yayi.

Thompson ya bi hanya biyu. Ta farko, ya kai jirginsa garuruwan da ba a taɓa ganin irinsa ba, inda har yanzu sabon abu ne. Zuwa 1888 ya gina jirage kusan 50 a Amurka da Turai. Ta biyu, ya fara aiki a kan wani salo dabam.

Scenic Railway

A shekarar 1887, tare da mai zane James A. Griffiths, ya buɗe Scenic Railway a bakin tekun Atlantic City da ke jihar New Jersey. Ma'anar sunan ita ce layin dogon kallon wurare masu kyau. Ya ɗauki dogo mai zagaye da igiyar inji kamar yadda abokan hamayyarsa suka yi, sannan ya ƙara abin kallo. Tarago yana ratsa koguna masu duhu da aka gina da hannu, yana wuce zane-zanen duwatsu da ƙasashe masu nisa, fitilun lantarki suna kunnuwa idan ya iso. A wancan lokaci gidaje kaɗan ne ke da wutar lantarki, kuma mafi yawan mahaya ba su da halin tafiya ƙasashen da aka zana. Da 'yan santi mutum yana ganin abin da sai masu kuɗi ke gani.

A cikin kowane jirgi akwai mai birki da ke tafiya tare da mahaya, yana rage gudu a wurin kwana da gangara. Ana buƙatarsa ne domin ƙafafun tarago a kan dogo kawai suke zaune, babu abin da ke riƙe su ta ƙasa, kuma gudu mai yawa yana iya ɗaga tarago daga layi.

Wannan salo ya fi na farko tsada nesa ba kusa ba, amma yana da fa'idar da masu jari suka gane. Ana iya sauya zane-zane da kayan ado daga shekara zuwa shekara ba tare da rushe ginin ba, a tallata shi a matsayin sabo. Ya kuma dace da iyalai da mata da dattawa, waɗanda ba su son jirgi mai firgitarwa. Thompson ya fi ba da ƙarfi ga kallo da jin daɗin tafiya fiye da gudu har ƙarshen rayuwarsa.

Kamfaninsa da bunƙasar wuraren shaƙatawa

A 1895 aka yi wa kamfanin L. A. Thompson Scenic Railway Company rajista, Thompson ne babban daraktansa, ofishinsa yana titin West 42nd a New York. Kamfanin yana zana jirage, yana gina su, yana kuma gudanar da wasu da kansa.

Shekarun nan ne wuraren shaƙatawa suka ɗauki siffar da aka san su da ita. A 1895 Paul Boyton ya buɗe Sea Lion Park a Coney Island, ya kewaye shi da shinge, ya sa kuɗin shiga a ƙofa. George Tilyou ya buɗe Steeplechase Park a 1897. Frederic Thompson da Elmer Dundy sun buɗe Luna Park a 1903. Wannan Thompson ɗin wani mutum ne dabam, suna kawai suka haɗa. Dreamland ya biyo baya a 1904, ya kuma ƙone a 1911. Da aka fara karɓar kuɗi a ƙofa, yawan masu shigowa ya zama ma'aunin nasara, kuma kowane wuri ya shiga neman babban abin hawa da zai sa mutane su zaɓe shi su bar maƙwabcinsa.

A sauran biranen Amurka kamfanonin taragon lantarki ne suka riƙa gina wuraren shaƙatawa a ƙarshen layukansu. Dalilinsu shi ne taragunsu ba sa samun fasinja a ƙarshen mako, lokacin da ma'aikata ba sa zuwa aiki. Wurin shaƙatawa mai jirgin gangara yana cika taragun, kamfani ya ci riba sau biyu, a kuɗin tafiya da a kuɗin wasa. Irin waɗannan wurare sun zama kasuwa ga kamfanin Thompson da sauran maƙera.

A 1910 kamfanin ya gina babban Scenic Railway a Venice da ke jihar California, mai duwatsun da aka ƙera da hannu. A Ingila, ɗan kasuwa John Henry Iles ya sayi haƙƙin gina wannan salo a Turai, kuma shi ne ya buɗe Scenic Railway na Dreamland a garin Margate a 1920. A Ostireliya kamfanin Thompson ya gina Great Scenic Railway na Luna Park a unguwar St Kilda ta birnin Melbourne, wanda aka buɗe a watan Disamba, 1912. Ana ɗaukarsa a matsayin jirgin gangara mafi daɗewa yana aiki ba tare da an daina ba a duniya, kuma har yanzu mai birki yana tsayawa a tsakiyar taragunsa.

John A. Miller

Daga cikin waɗanda suka koyi aiki a hannun Thompson, wanda ya fi shahara shi ne John A. Miller (1872–1941), ɗan garin Homewood a jihar Illinois. Ya fara aiki da Thompson yana ɗan shekara 19, har ya zama babban injiniyansa, kafin ya ci gaba da aiki da wasu kamfanoni. Miller ya ƙirƙiro ƙarfen da ke hana tarago komawa da baya idan igiyar hawa ta tsinke, wanda shi ne ke yin ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji lokacin hawan tudu. A 1919 ya samu takardar mallakar ƙafafun da ke kama dogo ta ƙasa, su hana tarago tashi daga layi. Wannan ƙirƙira ta ba da damar gina gangara mai tsayi da kwana mai kaifi, ta kuma kawar da buƙatar mai birki a cikin jirgi. Daga nan jirage masu gudu suka mamaye kasuwa, salon kallo na Thompson ya fara ja da baya.

Mutuwa

Thompson ya rasu a ranar 8 ga watan Mayu, 1919, a gidansa da ake kira Thompson Park a Glen Cove, tsibirin Long Island, yana da shekara 71. Kamfaninsa ya ci gaba da aiki bayansa. Frank Darling, wanda ya shugabanci kamfanin, shi ne ya jagoranci tsara wurin shaƙatawa na Playland a garin Rye na jihar New York, wanda aka buɗe a 1928.

Tasirinsa a sana'ar

Shekaru goma da suka biyo bayan rasuwarsa su ne lokacin da jirgin gangara na katako ya fi yaɗuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York ya isa Coney Island a 1920, kuɗinsa santi 5, jama'a suka ƙara yawa. Ana ƙiyasta cewa a shekarun 1920 jiragen gangara a Amurka sun kai tsakanin 1,500 zuwa 2,000. A ranar 26 ga Yuni, 1927, aka buɗe Cyclone a Coney Island, kusa da inda jirgin Thompson na farko ya tsaya. Ya ci sama da dala 100,000, kuɗin hawansa kuma santi 25. Wannan ya nuna yadda jarin da ake buƙata ya ninka cikin shekara 43.

Karayar tattalin arziki da ta fara a 1929 ta rage masu zuwa wuraren shaƙatawa ƙwarai, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya kawo ƙarancin kayan gini. Bayan yaƙin, mota da talabijin sun sauya yadda Amurkawa ke hutawa. An rushe ɗaruruwan jirage saboda babu kuɗin gyara su. Luna Park na Coney Island ya ƙone a 1944, Steeplechase Park ya rufe a 1964.

Farfaɗowar sana'ar ta zo ta hanyoyi biyu, kuma kowacce tana da tushe a zamanin Thompson. Disneyland, wanda aka buɗe a California a 1955, ya dawo da tunanin haɗa abin hawa da labari da abin kallo. Jirginsa Matterhorn Bobsleds na 1959, wanda ke ratsa wani dutse da aka ƙera, yana kama da Scenic Railway a manufa, kuma shi ne na farko da ya yi amfani da dogon bututun ƙarfe. Hanya ta biyu ita ce gasar tsayi da gudu, wadda ta sake tashi bayan buɗe jirgin Racer a Kings Island na jihar Ohio a 1972. Wannan gasa ce ta kai ga jirage kamar Kingda Ka na jihar New Jersey, wanda aka buɗe a 2005 da tsayin ƙafa 456 aka kuma rufe shi a 2024, da Formula Rossa na Abu Dhabi, wanda aka buɗe a 2010 yana gudun kilomita 240 a awa.

A yau manyan wuraren shaƙatawa suna ƙidaya masu ziyara da miliyoyi. Magic Kingdom na jihar Florida ya karɓi mutane sama da miliyan 20 a 2019, kafin annobar korona ta rufe wurare da yawa a 2020. Babban jirgin gangara na ƙarfe yanzu yakan ci miliyoyin daloli masu yawa, kuma kamfanoni suna tsara buɗe sabo duk bayan 'yan shekaru, domin yawancin masu zuwa wuraren da ke kusa da birane mazauna yankin ne da suka taɓa zuwa, kuma sabon abin hawa ne ke dawo da su. Matsalar da Thompson ya fuskanta ke nan a 1885, lokacin da jiragen Alcoke da Hinkle suka janye masa jama'a, ya amsa da gina Scenic Railway bayan shekara biyu.